Wenzhou: Garin da Sanayya Ta Zame wa Banki

Ranar 11 ga Disamban 1980, wata budurwa 'yar shekara 19 mai suna Zhang Huamei ta karɓi lasisin kasuwanci daga ofishin kula da ciniki na birnin Wenzhou, a lardin Zhejiang da ke gabar gabashin ƙasar Sin. Lambar takardar 10101, kuma ita ake lissafawa lasisi na farko da gwamnati ta ba mutum guda don ya yi sana'ar kansa tun bayan da aka fara sassauta tattalin arziki. Kafin ranar, maɓallai da ƙananan kayan koli take kasawa a ƙofar gidansu, idan ta hango ma'aikatan hukuma ta tattare ta shige ciki.

Masu rubuta tarihin kasuwancin Sin suna son farawa daga wannan takarda. Ni tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wa ya ba irin su Zhang jari. A wancan lokaci bankuna duk na gwamnati ne, kuma kamfanonin gwamnati suke ba rance. Mai tireda ko mai injin haɗa takalmi a tsakar gida ba shi da abin jingina, don ƙasar da yake takawa ma ba tasa ba ce. Duk da haka cikin 'yan shekaru wannan yanki ya cika da ƙananan masana'antu, har jaridar Jiefang ta Shanghai ta ruwaito a watan Mayun 1985 cewa mutum dubu 330 ne ke aikin ƙere-ƙere a cikin gidajensu a can. Kuɗin nan daga wani wuri suka fito, kuma wurin shi ne aljihun dangi da maƙwabta da abokan tasowa.

Sai an san yanayin ƙasar kafin a gane dalili. Duwatsu sun kewaye Wenzhou ta ɓangare uku, teku ta tare gabas. Gonar da ke kan kowane mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin talatin na hekta ba. Saboda yankin yana fuskantar Taiwan, gwamnatin Mao ta ɗauke shi bakin daga, ba ta ga amfanin gina manyan masana'antu a inda ake tsammanin bama-bamai ba. Filin jirgin sama sai 1990 aka buɗe, jirgin ƙasa kuwa bai iso ba sai 1998. Harshensu ma wani shinge ne, don mutumin Beijing ko Shanghai ba ya jin abin da suke faɗa. Mutanen da hukuma ta manta da su haka, ga yunwa, dole su nemi juna.

Tun kafin a halasta, mazan ƙauyukan nan suna fita yawon neman kuɗi. Akwai masu shiɓar auduga da ke ratsa larduna da bakansu a kafaɗa suna farfaɗo da tsofaffin barguna, akwai dukawa, akwai wanzamai da masu gyaran tukwane. A hukumance laifi ne, don ana kiran irin wannan wutsiyar jari-hujja. A gundumar Yongjia ma an taɓa gwada raba wa iyalai gonakin gandun tarayya tun 1956, aka hukunta jami'in da ya jagoranci abin, Li Yunhe. Saboda haka mai fita ba ya yarda da baƙo. Inda ɗan garinsu ya sauka nan yake sauka, shi zai gaya masa wane shugaban ƙauye ne ke kau da kai, wane ne ke kai ƙara, wace masana'antar gwamnati ce ke da tarkacen da za ta sayar. Waɗannan mayawata ne suka rikiɗe suka zama dillalan da aka ƙiyasta sun kai dubu ɗari a shekarun 1980, suna ɗauke da samfurin kaya a jaka suna karɓo oda daga kowane lungu na ƙasar.

Jarin kuwa daga adashi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake zubi zai gane tsarin nan da nan, sai dai nasu yana da abin da ya bambanta. Mai bukata ne yake kiran adashin. Mutum yana so ya sayi inji, sai ya zaga gidajen 'yan uwa da abokai, ya tara mutum goma ko ashirin, ya dafa abinci ya kira su. Wanda ya zauna ya ci ya ɗauki hannu ke nan. Mai kiran shi ke yin kwasar farko, shi ne kuma zai bi kowa ya karɓo zubi har a ƙare, idan wani ya gaza shi zai cike. Sauran kwasar a wasu ƙauyuka jerawa ake yi tun farko, a wasu a jefa ƙuri'a, a wasu kuma a yi gasa, wanda ya yarda zai biya ruwa mafi tsoka shi ne zai kwashe na wannan wata. A nan hanyarsu ta rabu da tamu, kuma ina ganin a wannan ruwan ne ɓarakar da za ta zo daga baya ta samu ƙofa. Kellee Tsai, wadda ta bi kasuwannin Sin tana hira da ƙananan 'yan kasuwa ta fitar da littafinta a 2002, ta nuna cewa akasarinsu ba daga banki suke samun jari ba, kuma mata ne suka fi riƙe wannan harka ta adashi.

Me ya sa ake biya? Ba kotun da za a je, tunda ita kanta ma'amalar doka ba ta san da ita ba. Sau da yawa ko takarda babu. Abin da ke tsaron bashin shi ne mutunci, kuma a ƙauyen da kowa ya san kakan kowa mutunci ba ƙaramin jingina ba ne. Al'adarsu ce a biya basussuka kafin sabuwar shekarar gargajiya, lokacin da duk mai yawo ke komowa gida. Wanda ya shiga bikin da bashin mutane a wuyansa zai zauna cin abinci da waɗanda yake ɓoye wa, zai tsaya tare da su a ɗakin tunawa da kakanni, waɗanda mutanen Wenzhou suka yi ta sake ginawa da kuɗinsu da zarar an sassauta. Ɗansa zai nemi aure a cikin mutanen nan. Idan gobe ya sake bukata, gidajen nan dai zai zaga. Mai bin bashin kuma ba a makance ya bayar ba. Yana jin ƙarar injin daga gidansa, yana ganin ko ana fitar da kaya ko an daina, matarsa ta san abin da ake dafawa a can. Babu ma'aikacin banki da zai iya tara irin wannan sani a kan mai neman rancen yuan dubu biyu.

Garin Qiaotou ya ishe mu misali. Ana ba da labari cewa a 1979 wasu 'yan uwa biyu masu shiɓar auduga sun dawo gida da buhun maɓallan da suka samo a wata masana'anta, suka kasa, kafin a jima kaya suka ƙare. Maƙwabta suka gani suka bi. A 1983 hukuma ta amince da wurin a matsayin kasuwar maɓalli, ba a daɗe ba rumfuna suka kai ɗaruruwa, sannan mutanen garin suka daina saro na wasu suka fara bugawa da kansu. Abin lura shi ne yadda aka raba aikin. Wani gida narka roba kawai yake yi, wani huda, wani rini, wani goge, wani ƙunshewa. Kowa jarinsa inji guda ne. Kayan suna bi daga hannu zuwa hannu ba tare da an biya ko kwabo ba, sai dillali ya dawo daga Harbin ko Chengdu da kuɗi, sannan a bi layi a sallami kowa. Shahararren masanin zamantakewa Fei Xiaotong ya ziyarci yankin a 1986 ya rubuta a kansa, ya nuna yadda kayan da ba su kai a waiwaya ba suka buɗe kasuwa mai faɗin ƙasar gaba ɗaya. Haka aka yi a Liushi da kayan wutar lantarki, a Jinxiang da bajo da lambobi, a cikin birni da takalma da tabarau da laita. A Liushi ɗin ne wani yaro baduku mai gyaran takalma a bakin titi, Nan Cunhui, ya haɗa jari da abokin karatunsa Hu Chengzhong a 1984 suka buɗe masana'antar makunnin wuta. Daga baya sun rabu, ɗaya ya kafa Chint, ɗaya Delixi, kuma da Nan ya tashi faɗaɗa nasa, ƙaninsa da surukansa ya fara jawowa.

Sanayyar ba ta tsaya a dangi ba, don akwai hukuma. Masana'antar gwamnati ba za ta sayi kaya a hannun wanda ba shi da hatimi da rasit da asusun banki ba, mutum guda kuma ba a ba shi waɗannan. Sai aka ƙirƙiro dabarar raɓuwa. Mai sana'a zai je wurin shugaban wani kamfanin tarayya na ƙauye, wanda galibi ɗan uwa ne ko abokin aji, ya ari sunan kamfanin da takardarsa mai hatimi da asusunsa, yana biyan wani kaso a kan kowane ciniki. Wasu kuma su yi rajistar kamfaninsu kacokan da sunan na tarayya, abin da Sinawa ke kira sanya jar hula. Jami'an yankin sun sani sarai. Da yawansu matansu da ƙannensu suna cikin harkar, kuma sun san abin da ke ciyar da garin. Liyafa da kwalin taba da kwalbar giya da ambulan ja ranar bikin ɗan shugaba duk suna cikin kuɗin gudanar da sana'a. Ba na ƙawata wannan ɓangare. Wanda ba shi da kowa a ofis shi ake fara rufe wa shago, kuma tazarar da ke tsakanin kyauta da toshiya ba ta da yawa. Amma wanda ya hana talaka ƙofar gaba shi ya fi cancantar tuhuma a kan ta baya.

Kariyar ma tana da iyaka. A 1982 umarni ya zo daga sama a murƙushe masu laifin tattalin arziki, aka zaɓi manyan masu sana'a takwas na Liushi, waɗanda ake wa laƙabi da sarakuna takwas, aka tuhume su da cin ƙazamar riba. An kama bakwai. Liu Dayuan mai sana'ar kusoshi ne kaɗai ya tsere, ya yi ta ɓuya. Gari ya yi tsit, masu injuna suka rufe ƙofa, sai a 1984 aka wanke su bayan iskar siyasa ta juya. A shekarar ce kuma wani mutum, Fang Peilin, ya kafa allon gidan ba da rance mai zaman kansa a garin Qianku na gundumar Cangnan. Washegari jami'an bankin gwamnati suka sa ya sauke allon. Ya ci gaba da aikinsa ba allo na wasu shekaru, don masu zuwa wurinsa ba allon suke bi ba.

Yanzu ga inda abin ke ba ni tausayi. A 1985, a gundumar Yueqing, wasu suka gano cewa amanar da aka gina a kan adashi ana iya sayar da ita. Suka fito da wani sabon salo: ka zuba yuan 11,600 sau ɗaya, daga wata na biyu a riƙa ba ka 9,000 duk wata har wata goma sha biyu, daga nan kai kuma ka riƙa mayar da 3,000 a hankali. Babu sana'ar da ke haifar da irin wannan riba, da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko. Amma wadda ta zo maka da maganar ƙanwar mahaifiyarka ce, kuma ka ga kuɗin a hannunta. Mutane suka riƙa kai kuɗi cikin kwanduna, ƙananan iyayen adashi suna tarawa suna miƙa wa manya. A farkon 1986 ginin ya rufta. Waɗanda suka rubuta tarihin abin sun ambaci mutum sama da 60 da suka kashe kansu, da iyalai dubbai da suka tsiyace, da mutanen da masu bin bashi suka kama suka ɗaure suka azabtar. An yanke wa wasu daga cikin jagororin hukuncin kisa. Abin da ya canza a ganina ɗaya ne. A da mai zubi yana ganin injin da kuɗinsa suka saya. A wannan karo kuɗi suna bin kuɗi ne kawai, sun ratsa hannu biyar zuwa wurin wanda bai taɓa gani ba, shi kuwa yana zaton har yanzu da 'yar uwarsa yake hulɗa.

Akwai wani aibin kuma. Mutumin da ba zai ci kwabon maƙwabcinsa ba yana iya aika wa baƙo jabu hankalinsa kwance, don baƙon ba ya cikin waɗanda zai haɗu da su ranar biki. Takalman Wenzhou suka yi ƙaurin suna, ana saya mako guda su rabe. Ranar 8 ga Agustan 1987 aka tara sama da ƙafa dubu biyar a dandalin Wulin da ke Hangzhou, babban birnin lardin, aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Shaguna a wasu birane suka riƙa manna sanarwar cewa ba sa sayar da kayan Wenzhou. Maganin da suka samo ya sake fitowa daga cikinsu, suka kafa ƙungiyoyin masu sana'a da ke duba ingancin kaya suna hukunta mai satar fasahar ɗan uwansa. A 1995 aka buɗe ƙungiyar 'yan kasuwar Wenzhou ta farko a wajen gida, a birnin Kunming, daga nan suka bazu. Ƙungiyar masu sana'ar laita ce ta tara kuɗi ta ɗauki lauyoyi lokacin da masana'antun Turai suka kai ƙarar su kan karya farashi, har aka janye ƙarar a 2003.

Duk inda mutanen Wenzhou suka je da wannan tsari suke zuwa. A kudancin Beijing, wajen Dahongmen, sun kafa unguwar da aka riƙa kira Ƙauyen Zhejiang, inda mutane kusan dubu ɗari ke ɗinka riguna, musamman na fata da 'yan kasuwar Rasha ke saye. Ba su da takardar zama a birnin. Xiang Biao, wanda shi ma ɗan Wenzhou ne kuma ya shafe shekaru yana nazarin unguwar tun yana ɗalibi, ya bayyana yadda sabon zuwa ke samun wurin kwana da keken ɗinki da yadi bashi a wurin nasa, da yadda masu ɗinki ke ba masu kanti kaya sai an sayar a biya. A ƙarshen 1995 hukuma ta rushe manyan gidajen unguwar ta kori mutane. Cikin 'yan watanni suka dawo, don abin da ke riƙe da kasuwar ba ya cikin gine-ginen da aka rushe. A Paris da garin Prato na Italiya ma haka. Yaro zai iso da bashin hanya a kansa, ya yi shekaru yana ɗinki dare da rana a shagon kawunsa, yana kwana a inda yake aiki, har ya biya. Ranar aurensa gudummawar da dangi za su kawo ita ce jarin shagonsa, ana rubuta wa kowa abin da ya bayar don a rama. Wasu sun yi arziki ta wannan hanya. Wasu kuma sun mutu a cikinta, kamar ma'aikata bakwai da gobara ta cinye a wata masana'antar ɗinki a Prato a watan Disamban 2013, suna barci a cikin ɗakunan kwali. Wanda kawunsa ne ubangidansa da wuya ya kai ƙara.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 2011. Bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008 gwamnatin Sin ta saki yuan tiriliyan 4, bankuna suka yi ta neman wanda za su ba rance. Tunda ƙananan kamfanoni ba su da jingina, sai bankunan suka karɓi lamunin juna: ni in tsaya maka, kai ka tsaya wa wancan, shi ya tsaya mini. Wa zai ƙi sa hannu wa abokin da ya taimake shi shekara ashirin? Ribar takalmi da tabarau ta riga ta yi ƙasa, saboda haka kuɗi da yawa suka tafi sayen gidaje da ma'adinan kwal da ba da rance da ruwa. Wani bincike na reshen babban bankin ƙasar da ke Wenzhou ya ƙiyasta rancen bayan fage a yuan biliyan 110, ya ce kashi 89 cikin ɗari na iyalai suna ciki. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, masu kamfanoni suka riƙa karɓar rance mai tsada na 'yan kwanaki don su biya banki, da zaton bankin zai sabunta musu. Bankin ya karɓa ya ƙi sabuntawa. A cikin 'yan watanni masu kamfanoni da dama suka gudu, wasu suka faɗo daga bene. A watan Satumba Hu Fulin, mai ɗaya daga cikin manyan masana'antun tabarau na birnin, ya tsere Amurka, ya dawo a watan Oktoba bayan Firaminista Wen Jiabao ya zo garin da kansa. Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu kamfanonin da ke tafiya lafiya, ba su ci bashin da ya fi ƙarfinsu ba, amma sa hannun da suka yi wa aboki ya ja su ƙasa tare da shi.

A watan Maris na 2012 majalisar gudanarwar ƙasar ta ayyana Wenzhou yankin gwajin gyaran harkar kuɗi. A watan Afrilu aka buɗe cibiyar da masu ba da rance da masu karɓa za su je su yi rajista, daga baya kuma aka fara wallafa ma'aunin kuɗin ruwan bayan fage. A 2015 aka buɗe bankin Minshang, ɗaya daga cikin bankuna masu zaman kansu na farko da aka amince da su, kuma kamfanin tsohon badukun nan na Liushi ne babban mai hannun jari. Dokar da ta fara aiki a 2014 ta wajabta rajistar rancen da ya kai yuan miliyan 3 a karo guda, ko miliyan 10 a jimlace, ko wanda aka karɓa daga mutum 30 zuwa sama. Abin da bai kai haka ba an bar shi yadda yake. Matar da ke da injin ɗinkin takalma huɗu, wadda za ta nemi dubu hamsin wurin yayan mijinta don sayen fata kafin oda ta fita, ba ta cikin lissafin kowace cibiya, kuma irinta ne suka fi yawa a garin.